Wat Dubu Biyar a Jikin Kwali: Abin da Ya Kamata Mai Sayen Akwatin Sauti Ya Sani

Duk wanda ya ratsa layin masu sayar da kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko kasuwar Alaba ta Legas, zai ga kwalayen akwatunan sauti na gida, waɗanda ake kira hom tiyata, an jera su har rufin kanti. A jikin kwalayen masu araha akan ga lamba da manyan baƙaƙe: wani wat 2,000, wani wat 5,000. Wannan lamba ita ce ta fi jan hankalin ma'aikacin da ya ɗauki albashi, ko ɗalibin da ya daɗe yana tara kuɗi, domin a zatonsa mafi girman lamba shi ne mafi ƙarfin sauti. Amma sau da yawa lambar ba ta da wata alaƙa da abin da akwatin zai iya yi in an kai shi gida.

Wat dai ma'aunin ƙarfi ne, wanda aka sa wa sunan James Watt, injiniyan nan ɗan ƙasar Sikotilan da ya rasu cikin 1819. A cikin akwatin sauti akwai wata na'ura da ake kira amfilifaya, aikinta shi ne ta karɓi wuta daga soket ta mayar da ita ƙarfin da zai girgiza sifika. Ba ta ƙirƙirar ƙarfi da kanta, saboda haka ba za ta iya ci gaba da ba da fiye da abin da take sha ba. Hasali ma wani kashi na wutar yakan salwanta ya zama zafi. Amfilifaya irin ta da takan yi hasarar kusan rabin wutar da ta sha, ta zamani kuwa hasararta ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Daga nan ma ƙarya ta fara fitowa fili. Filogin da ake amfani da shi a gidajen ƙasar nan ba ya ɗaukar fiye da amfiya 13, ƙarfin wutar kuwa bolt 230 ne. In aka ninka su, iyakar abin da soket guda zai bayar bai kai wat 3,000 cif ba. Ashe ke nan akwatin da ke ikirarin wat 5,000 yana cewa ya fi soket ɗin da ke ciyar da shi ƙarfi.

To, yaya masu ƙera kayan suke samo waɗannan lambobi? Akwai awon da masana suka amince da shi, wanda akan rubuta RMS a gefensa, watau ƙarfin da na'ura za ta iya ci gaba da fitarwa ba tare da ta gaji ko sautinta ya gurɓata ba. Akwai kuma wanda akan rubuta PMPO, wanda wai shi ne ƙololuwar ƙarfin da za ta iya kaiwa na ƙiftawar ido. Shi wannan na biyu ba shi da wata ƙa'ida da aka yi ittifaƙi a kanta, kowane kamfani yadda ya ga dama haka yake lissafa shi.

Alal misali, a ɗauki akwatin da kowace sifikarsa take samun wat 10 na gaskiya. Da fari sai a auna shi da sifika mai om 4 maimakon mai om 8, watau wadda ta fi saurin jan wuta, nan take lambar ta doshi 20. Sa'an nan a ƙure murya har sauti ya gurɓata da kashi 10 cikin 100, abin da kunne ba zai jure wa ba, lambar ta hau wajen 25. Bayan haka a ɗauki ƙololuwa maimakon matsakaici, ta zama 50. Daga ƙarshe a ninka da sifiku shida, watau ƙanana biyar da babbar nan mai kaurin murya, sai ga wat 300, alhali kuwa ɗan taransifoman da ke ciki ba zai iya ciyar da su duka a lokaci guda ba. Abin da ya haura wannan kuwa, alƙalamin mai talla ne ya samar da shi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Ta yi ƙamari a Amurka har ta kai ga hukumar kula da ciniki ta ƙasar, wadda ake kira FTC, ta kafa doka cikin 1974. Dokar ta tilasta wa mai tallan ƙarfin amfilifaya ya bayyana ƙarfin da take ci gaba da bayarwa a kowane ɓangare, tare da faɗin irin sifikar da aka auna da ita da kuma yawan gurɓacewar sauti. Ta kuma ce sai an bar na'urar ta yi aiki na sa'a guda ta ɗauki zafi kafin a auna, kuma ta riƙe ƙarfin da aka faɗa har minti biyar. Cikin 2024 hukumar ta sake gyara dokar, ta tsai da sharuɗɗa iri ɗaya ga kowa, ciki har da om 8 da gurɓacewar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sai dai dokar Amurka ba ta bin kayan da aka ƙera a wata ƙasa aka sauke a wata. A Nijeriya, dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018 ta haramta yaudarar mai saye da bayanin ƙarya, amma kafin hukuma ta iso, mai saye shi ne mai gadin aljihunsa.

Daɗin daɗawa, ko da lambar ta gaskiya ce, wat kaɗai ba ya nuna ƙarar sauti. Da desibel ake auna ƙara, kuma in aka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kacal za su ƙaru, abin da kunne zai ji kaɗan ne. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin wajen sau goma. Sifika mai kyau kuwa, da wat 1 tak tana iya ba da desibel 85 zuwa 90 ga wanda ke zaune mita guda daga gare ta. Don haka wat 20 na gaskiya a kowace sifika sun wadatar da falon gida.

Hasarar ba ta tsaya ga kuɗin saye ba. Wanda ya gaskata yana da wat dubbai yakan yi ta murɗa murya yana neman ƙarfin da babu shi, sautin ya fashe, kuma wannan fashewa tana iya ƙona ƙananan sifiku. Daga nan sai zarya wurin mai gyara.

Saboda haka ya kamata mai saye ya juya bayan akwatin ya karanta ɗan rubutun da ke kusa da wayar wuta, inda aka nuna abin da yake sha. Ko da yake wasu kamfanoni matsakaicin sha suke rubutawa, akwatin da aka rubuta wa wat 60 ba zai fitar da dubbai ba. Haka kuma fiyus mai amfiya 1 ba zai bari a ci gaba da jan abin da ya zarce wat 230 da yawa ba. Sa'an nan ya nemi lambar RMS ta kowace sifika a takardar bayani, in babu ita ya yi hattara. Uwa uba, ya sa a kunna masa a kanti, ya saurari muryar mutum yana magana, ya ƙara murya sannu a hankali ya ji inda sauti zai fara fashewa. Mai kanti na kirki ba zai ƙi wannan ba. Kamar yadda Hausawa ke cewa, ba girin-girin ba, ta yi mai.