Investigate: Fi'ilin da Asalinsa Sawun Ƙafa Ne

Duk wanda ya saba karanta jaridun Turanci, ko ya taɓa zama a kotu ana shari'a, lalle ya sha cin karo da fi'ilin nan investigate, wanda mukan fassara da bincike, ko bin diddigi, ko tahƙiƙi. Amma kaɗan ne daga cikin masu furta shi suka tsaya suka nemi salsalarsa, alhali kuwa a cikinta ladabin aikin kansa yake.

Kalmar daga Latin ta fito, harshen Rumawan dā, inda vestigium ke nufin sawun ƙafa, vestigare kuma bin wannan sawu. Da aka liƙa masa ɗafin in- a goshi sai ya zama investigare, watau kutsawa cikin al'amari ta bin alamun da ya bari. Sunan aikin, investigation, shi ya fara shiga Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarni na 15, sa'an nan fi'ilin ya biyo shi a farkon ƙarni na 16.

Wanda ya taɓa ganin mai bin sawu ranar da aka kore shanu, yadda yakan durƙusa ya duba zurfin kofato a ƙasa, ya lura ko iska ta riga ta cinye gefen sawun, ya murtsuke kashin shanun da yatsa don ya san ko na jiya ne ko na asuba, sa'an nan ya miƙe ya nuna hanya, to, ya ga ma'anar kalmar da idonsa. Larabawa ma sun san wannan fanni, suna ce da shi ƙiyafa, kuma Banu Mudlij sun shahara da shi, har ya zo a hadisi cewa Mujazziz, ɗan ƙabilar, ya dubi ƙafafun Zaidu da Usama kaɗai ya tabbatar da nasabarsu.

A wajen nahawu kuwa, fi'ili ne mai ƙetarawa zuwa ga maf'ulinsa kai tsaye, don haka ɗalibin da ya cusa about a bayansa ya yi lahani. Sunan aikin ne yakan ɗauki into. Ya kuma bambanta da research, wanda nazarin ilmi ne mai tsawo, da inspect, wanda duban abin da ke gaban mutum ne. Shi investigate yana neman abin da ya ɓuya ne, laifi ko musabbabin haɗari ko cuta. Saboda haka ne 'yan sandan Landan suka sa kalmar cikin sunan sashen CID da suka kafa a 1878, wanda mu muka mayar si'aidi, haka nan hukumar FBI ta Amurka, wadda aka kafa a 1908 ta sami sunanta na yanzu a 1935.

Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, kada a cuci mutane cikin jahilci. Sharaɗin mai bincike ke nan, alƙali ne ko ɗan jarida ko ɗan kwamiti: ya bi hujja duk inda ta nufa, ko da ta kai shi ƙofar wanda yake jin nauyi, wanda kuwa ya yanke hukunci tukuna sa'an nan ya shiga neman dalili, zalunci ya yi, ko da ya kira aikinsa bincike.