TARIHIN GOLDEN EAGLETS, ƘUNGIYAR ƘWALLON ƘAFA TA YARAN NIJERIYA

An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a, musamman iyaye da malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin samari, tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 17. Ita ce ake kira Golden Eaglets, watau 'ya'yan gaggafa na zinariya. Sau 5 ta ci Kofin Duniya na masu waɗannan shekaru, ba kuwa wata ƙasa da ta kai wannan adadi, gama Brazil da ke biye da ita sau 4 ta ci. Duk da haka an yi gasar 2023 da ta 2025 ba tare da ita ba. Wanda ya karanta abin da ke tafe zai ga yadda aka sami wannan ɗaukaka, da inda aka yi tuntuɓe, da abin da ya wajaba a kan kowa in ana so a koma matsayin da.

Yadda Gasar Take

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, ita ce ta kafa wannan gasa a cikin 1985. Da fari ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce, sa'an nan a 1991 aka mai da ita ta 'yan ƙasa da 17. Ƙasashe 16 suka fara ta, aka ƙara su zuwa 24 a 2007, kana zuwa 48 a 2025. A da bayan kowace shekara biyu ake yin ta, amma daga 2025 aka mai da ita shekara shekara.

Ba a zuwa gasar sai an sami gurbi. Ƙasashen Afirka su kan fara karawa a tsakaninsu, waɗanda suka yi fice su ne za su wakilci nahiyar. Sharaɗin shekaru kuwa da ranar haihuwa ake ƙayyade shi. Ga misali, a gasar 2015 ba a yarda da yaron da aka haifa kafin 1 ga Janairu, 1998 ba. Saboda haka kowace gasa da sababbin yaranta. Waɗanda suka ci kofi bana sun wuce ke nan, dole a sake neman wasu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne tushen dukan abin da za a faɗa nan gaba.

Nasarar Farko, 1985

A ƙasar Sin aka yi gasar farko, a lokacin kuwa minti 40 ake yi a kowane rabin wasa. Yaran Nijeriya sun tafi ba wanda ya sa musu ran kome. Sebastian Brodrick ne mai horad da su, Nduka Ugbade kuma shi ne kyaftin. Suka ci Italiya, suka yi canjaras da Saudiyya, suka ci Kosta Rika. Daga nan suka fid da Hungary, suka fid da Gini da bugun fanareti. Ran 11 ga Agusta, a birnin Beijing, suka ci Jamus ta Yamma 2 da nema, Jonathan Akpoborie da Victor Igbinoba suka jefa ƙwallayen. Wannan shi ne karo na farko da wata ƙasa ta Afirka ta ɗauki kofin wata gasar duniya ta FIFA. Kafin nan Baby Eagles ake kiransu. Da suka komo gida, Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Janar Muhammadu Buhari, ya raɗa musu sunan da aka san su da shi har yau.

A 1987, a Kanada, suka sake kaiwa wasan ƙarshe, suka tashi 1 da 1 da Tarayyar Sobiyet, aka fi su a bugun fanareti. Amma Philip Osondu na Nijeriya aka zaɓa gwanin gasar. A 1989, a Sikotilan, Saudiyya ta fid da su a zagayen 'yan takwas, ita ma da fanareti, ita ce kuwa ta ci kofin a shekarar.

A cikin wannan shekara ta 1989 wani abin kunya ya auku. FIFA ta tarar ranakun haihuwar wasu 'yan wasan Nijeriya da suka je wasannin Olimfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka rubuta musu a gasannin baya. Sai ta hana ƙasar shiga gasannin yara da samari har shekara biyu, ta kuma janye izinin da ta ba ta na karɓar baƙuncin gasar samari ta 1991. Ba a ga Golden Eaglets a gasar 1991 ba, Gana ce ta ci.

Japan, 1993

Da suka komo a 1993, a ƙarƙashin Fanny Amun, sun zo da ƙarfi ƙwarai. Sun ci Kanada 8 da nema, sun ci Ajantina 4 da nema. A wasan ƙarshe a Tokyo suka gamu da Gana, suka ci ta 2 da 1. Kyaftin ɗinsu Wilson Oruma shi ya fi kowa cin ƙwallo, guda 6.

Abin lura game da waɗannan yara shi ne amfanin da ƙasa ta ci gare su daga baya. Nwankwo Kanu, da Celestine Babayaro, da Mobi Oparaku, da shi Oruma, duk suna cikin ƙungiyar da ta ci lambar zinariya a wasannin Olimfik na Atlanta a Amurka, a 1996, inda aka ci Brazil 4 da 3, aka ci Ajantina 3 da 2. Kanu kuma sau biyu ana zaɓensa gwanin 'yan ƙwallon Afirka, a 1996 da 1999. Lalle wannan ita ce manufar ƙungiyar yara: a rene su har su zama manya masu amfani.

Shekarun Faɗi Tashi

Bayan wannan sai al'amari ya yi sanyi. A 1995, a Ekwado, Oman ta fid da su a zagayen 'yan takwas. Ba su sami zuwa gasar 1997 da ta 1999 ba. A 2001 suka ci kofin Afirka, suka kai wasan ƙarshe na duniya a Trinidad da Tobago, Faransa ta ci su 3 da nema. A 2003, a Finland, suka yi kunnen doki da Kosta Rika a maki da ƙwallaye duka, har sai da aka jefa ƙuri'a, ta faɗa wa Kosta Rika, suka komo gida tun daga rukuni. John Obi Mikel yana cikin yaran wannan shekara. A 2005 ma ba su je ba.

A 2007 haske ya komo. Suka ci kofin Afirka a Togo, suka tafi Koriya ta Kudu, suka gamu da Sifen a wasan ƙarshe. Aka tashi ba ci, aka je fanareti, suka ci 3 da nema. Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo, guda 7, Rabi'u Ibrahim ɗan Kano kuma yana cikin waɗanda suka yi fice. Mai horad da su, Yemi Tella, da ciwo a jikinsa ya yi wannan aiki, ya kuwa rasu a watan Oktoba, mako kaɗan bayan an kawo kofin.

Gasa a Gida, 2009

A 2009 Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar. An yi wasanni a garuruwa 8: Abuja, Ikko, Kano, Kaduna, Bauchi, Inugu, Kalaba da Ijebu-Ode. Mutanen Arewa sun ga yaran duniya da idonsu a filin wasa na Sani Abacha, da na Ahmadu Bello, da na Abubakar Tafawa Balewa. A wasan farko Jamus ta jefa wa Nijeriya 3, yaran suka farke duka. Suka yi ta ci gaba har wasan ƙarshe a Abuja, ran 15 ga Nuwamba, inda Suwizalan ta ci su 1 da nema. An zaɓi Sani Emmanuel gwanin gasar.

A wannan shekara ce FIFA ta shigo da gwajin shekaru da na'urar asibiti da ake kira MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki ba tare da an tsaga ba. Ga yadda abin yake. A ƙarshen ƙashin hannu, wajen wuyan hannu, akwai wani guringuntsi inda ƙashi ke ƙara tsawo. In yaro ya gama girma sai wurin ya haɗe ya zama ƙashi sosai. Wanda hoto ya nuna nasa ya haɗe sarai, a kan ɗauka ya wuce shekara 17. Gwajin ba ya faɗin ranar haihuwa, girman yara kuma ya kan bambanta, amma shi ake bi. Kafin gasar 2009 sai da aka sallami yara da dama daga sansanin Nijeriya saboda shi.

Kofi Biyu a Jere

Ba su je gasar 2011 ba. A 2013, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Manu Garba ya jagorance su, mataimakansa kuwa Emmanuel Amunike da Nduka Ugbade, kyaftin ɗin 1985. Sun ci Meziko 6 da 1 a rukuni, suka sake cin ta 3 da nema a wasan ƙarshe a Abu Dabi. Kyaftin Musa Muhammed, haifaffen Kano, shi ya jefa ta ukun. Ƙwallo 26 suka ci a wasa 7. Kelechi Iheanacho ya zama gwanin gasar, Dele Alampasu kuma gwanin masu tsaron gida.

A 2015 suka sami gurbi a gasar Afirka da aka yi a Yamai, inda suka zo na huɗu. Suka tafi Chile a ƙarƙashin Amunike, suka ci Brazil 3 da nema a zagayen 'yan takwas, suka ci Mali 2 da nema a wasan ƙarshe. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa a gasa guda, Kelechi Nwakali kuma ya zama gwani. Shi Osimhen ɗin ne aka zaɓa gwanin 'yan ƙwallon Afirka a 2023. Jimla ke nan sau 8 suka kai wasan ƙarshe, suka ci 5, aka ci su 3.

Daga 2016 Zuwa 2025

A watan Agusta na 2016, ana dab da wasan neman gurbi da Nijar, gwajin MRI ya zubad da yara fiye da 20 daga sansanin Nijeriya. Da ragowar aka ci Nijar 1 da nema a Abuja, amma a Yamai Nijar ta ci 3 da 1. Masu riƙe da kofi suka zauna gida, Nijar kuwa ta ci gaba har ta je gasar duniya ta 2017 a Indiya, zuwanta na farko.

A 2019, a Brazil, Holan ta fid da su 3 da 1 a zagayen 'yan 16. An soke gasar 2021 saboda annobar korona. A 2023 Burkina Faso ta ci su 2 da 1 a gasar Afirka a Aljeriya, suka rasa gurbi. Gasar 2025 a Katar, mai ƙasashe 48, ita ma ta wuce su. A cikin waɗannan shekaru maƙwabta ba su yi barci ba: Mali ta ci kofin Afirka a 2015 da 2017, Sanagal a 2023, Maroko a 2025.

Abin da Ya Wajaba a Kan Jama'a

Tarihin nan ya nuna abu biyu. Na farko, ƙasar tana da yara masu baiwa, Kudu da Arewa. Na biyu, sunan da aka yi jiya ba ya cin wasan yau, tun da yake kowace gasa sai an zo da sababbin yara, yanzu kuwa kowace shekara ne. Saboda haka aikin ba na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa kaɗai ba ne.

Iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa tun suna jarirai, a wurin ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, su adana takardar da kyau. Kada su yarda wani dillali ya ruɗe su a rage wa yaro shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka rage wa shekaru ya tare gurbin ƙaninsa, in an gane shi ya jawo wa ƙasa kunya, in ma ba a gane ba ƙarfinsa zai ƙare tun ana tsammanin yanzu ya fara.

Malaman makarantu su riƙa rubuta ranar haihuwar kowane yaro daidai a rajista, su raya gasa tsakanin aji da aji, da makaranta da makaranta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hakimai da dagatai da ƙananan hukumomi su kiyaye filayen wasa na unguwanni, kada a yanka su a sayar.

Yara kuma su sani, a cikin ɗaruruwan da suka sa rigar Golden Eaglets tun 1985, kaɗan ne suka kai inda Kanu da Mikel da Osimhen suka kai. Rauni guda ya isa ya raba ɗan wasa da fili har abada. Don haka kada yaro ya bar karatu ko koyon sana'a saboda ƙwallo. Ya haɗa biyun, in ɗaya ta ƙi, ɗaya ta riƙe shi.