Ciwon Sukari da Tsirran Gargajiya: Bayani Ga Jama'ar Kalambaina da Kewaye

Ciwon sukari yana samuwa ne idan jiki ya kasa samar da isasshen sinadarin insulin, ko kuma ya kasa amfani da wanda ya samar, sai sukarin abinci ya taru a cikin jini. Alamominsa sun haɗa da yawan fitsari, yawan ƙishirwa, rama, kasala, da gyambon da ba ya warkewa. A wuri kamar Kalambaina, cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko, inda manoma da direbobi da masu lodin siminti ke wuni cikin rana, sau da yawa akan ɗora laifin ƙishirwa da gajiya a kan zafi, har ciwon ya yi nisa. Awon jini ne kaɗai ke tabbatar da shi. Idan aka auna mutum da safe kafin ya ci komai, aka sami 126 mg/dL ko fiye, aka maimaita wata rana aka sake samun haka, to yana da ciwon.

Mun san cewa da yawa daga cikin jama'armu sukan fara neman sauƙi wurin masu maganin gargajiya. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2015 kan tsirran da ake ba masu wannan ciwo a Sakkwato ya nuna cewa marga da zogale ne aka fi ambata. Kimiyya ba ta raina tsirrai ba, domin metformin, ƙwayar da likitoci suka fi bai wa masu ciwon sukari, asalinta daga binciken wani tsiro na ƙasar Turai ne, kuma a shekarar 1957 wani likita a Faransa ya bayyana amfaninta ga masu ciwon. Bambancin shi ne ƙwaya tana da ma'auni sananne, jiƙo da tsimi kuwa ba su da shi.

Tsirran da aka fi sani

Zogale: Ganyensa abinci ne mai gina jiki. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, idan ya maye gurbin wani ɓangare na tuwo ko shinkafa, yana rage hauhawar sukari bayan cin abinci. Mai juna biyu ta guji saiwarsa da ɓawonsa.

Hulba: Tana cikin waɗanda aka fi gwadawa a kan mutane. 'Ya'yanta suna da wani yauƙi da ke rage saurin shigar sukari cikin jini. Ba a son mai juna biyu ta sha ta a matsayin magani.

Shuwaka: Yawancin gwajin da ya nuna tana sauke sukari a kan dabbobi aka yi shi. Cin ta a miya ya fi shan ruwanta mai kauri kwanciyar hankali.

Garafuni: Ɗan'uwansa na ƙasar Indiya an gwada shi a kan mutane, amma sakamakon bai zo ɗaya ba. Mai juna biyu da ƙananan yara su nisance shi.

Marga: Saiwarta tana sa gudawa. Mai ciwon sukari, wanda dama yana asarar ruwa ta fitsari, zai iya galabaita idan ya yawaita ta.

Dogon yaro: Yawan shan ruwan ganyensa na tsawon lokaci yana iya cutar da hanta da ƙoda, man 'ya'yansa kuma guba ne ga yara.

Inda haɗarin yake

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke warkar da ciwon sukari. Wanda ya ajiye ƙwayarsa ko allurar insulin ya koma ga jiƙo kaɗai, yana iya jin sauƙi na ɗan lokaci, alhali ciwon yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Haka kuma, haɗa jiƙo mai ƙarfi da insulin ko ƙwayar glibenclamide yana iya sa sukari ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, mutum ya fara karkarwa da gumi da jiri. Idan yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan sukari ko dabino nan take. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Kira ga jama'a da shugabanni

Muna shawartar mai ciwon ya faɗa wa likita duk abin da yake sha, ya riƙa auna jininsa yana rubutawa, ya rage lemon kwalba da shayi mai yawan sukari. Maganin gargajiya na kwalba kuwa, a duba lambar NAFDAC, tare da sanin cewa lambar ba shaida ba ce ta warkarwa.

Muna kuma roƙon iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma su ja hankalin masu maganin gargajiya da su riƙa tura duk mai gyambon ƙafa ko raunin gani zuwa Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba tare da jinkiri ba. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, kuma dama ce ta shirya awon jini a unguwanni da ƙauyuka. Allah Ya ƙara mana lafiya.