Daga Banda Zuwa Kwali: Masu Kifin Baturiya

Da zarar damina ta ɗauke, Kogin Haɗejiya ya ja da baya, sai ya bar tafkuna birjik a dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Baƙi tsuntsayen Turai suke zuwa kallo, a 2008 ma aka sa wurin cikin jerin dausayin Ramsar. Ɗan gari kuwa idonsa na kan tarwaɗa da karfasa da gaiwa. Masunci ya kamo, mai banda ya karɓa.

Aikin banda tsere ne da rana. Kifin da aka fito da shi da hantsi, in ya kai la'asar ba a gyara shi ba, ya fara wari. Sai a wanke, a lanƙwasa tarwaɗa baki ya haɗu da wutsiya, a jera bisa raga. Wuta mai harshe gasawa take yi, shi ya sa gwani yake danne ta, ya bar garwashi da hayaƙi, yana juyawa har kifin ya tsotse ya yi ƙarau. Hayaƙin nan ba don ƙamshi kaɗai ba ne, yana ɗauke da sinadaran da ke kashe ƙwayoyin cuta.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwali. Tsohon kwali ake samu a shimfiɗa takarda, a danƙara kifi, a ɗaure da igiya, sai kasuwar Haɗejiya, daga can mota ta yi Kudu da shi. Kwali ba ya hana ƙwaro shiga. A zuba a leda kuma, kifi ya yi gumi, fumfuna ta kama shi. A nan ne wasu marasa tsoron Allah suke yayyafa fiya-fiya. Irin gubar da ke cikinta ce ta sa Tarayyar Turai ta daina karɓar waken Nijeriya a 2015.

A ƙasashen waje maƙunshin ne da kansa aka mayar mai gadi. Akwai ledar da ake cuɗawa da sinadarin azurfa, ko man kanumfari, ko wani abu da ake samu daga ɓawon jatan lande, ta hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Tun 1977 Japan take sayar da ɗan ƙullin da ke shanye iskar cikin leda, fumfuna ta rasa numfashi.

Ko wannan kaya zai samu kasuwa a Baturiya? Buƙata dai ga ta nan jibge a kowace mota. Sai dai dillalin kifi da naira yake lissafi, kuma muddin ledar ta fi kwalbar fiya-fiya tsada nesa ba kusa ba, ba zai waiwaye ta ba. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI tana da reshe a Kano. Ya kamata ta leƙo Haɗejiya da maƙunshi mai araha.

Kafin nan, kai mai saye, in ka ga tiren kifi ko ƙuda ba ya sauka a kai, ka wuce gaba.