Na'urar Share Wurin Ninkaya: Ƙurar Hunturu Ce Alƙali

Mai karatu, iyo ba baƙon abu ba ne a yankin Rano da Kibiya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta Ruwan Kanya zuwa gonakin rani na Kadawa, yara kuma ba su daina faɗawa magudanan ba, duk da haɗarin cutar tsargiya da dodon koɗi ke yaɗawa. Saboda haka ban ga laifin mai hali ko mai otal da ya haƙa wurin ninkaya domin iyalinsa ko baƙinsa ba. Sai dai idan babu kulawa, cikin 'yan kwanaki ruwan zai yi kore da gansakuka, ya zama kududdufin sauro a tsakar gida. A nan ne maganar na'urar shara ta taso.

'Yan kasuwa na kiranta "mai sarrafa kanta". A matsayina na ɗalibin harshe, na san suna kan ɗauki alƙawarin da mai sunan ba zai iya cikawa ba. Na'urar ba ta samar wa kanta wuta, ba ta wanke matatarta, ba ta kuma gyara kanta.

Iri uku ne a kasuwa. Ta farko ita ce mai zuƙa, wadda ake haɗa tiyonta da injin ruwan tafkin. Fitacciya a cikinsu ita ce Kreepy Krauly, wadda injiniya Ferdinand Chauvier ya fito da ita a Afirka ta Kudu a 1974. Tana da arha da sauƙin gyara, amma duk dattin da ta kwaso matatar tafkin take kai wa. Ta biyu ita ce mai aiki da ƙarfin turin ruwa, irin su Polaris, wadda ke tara shara a 'yar jakarta, kuma galibi sai an ƙara mata inji na biyu. Ta uku ita ce mai kama da mutum-mutumi, irin su Dolphin, wadda ke da injinta da matatarta, tana bin ƙasan tafkin, wasu har su hau bango suna gogewa.

To wacce ta dace da mu? Tambaya ta farko ita ce: wane irin datti muke da shi? Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne domin ƙasashen da ganyen bishiya ya fi damunsu. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu ce, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mai laushi kamar garin alkama. Jakar na'ura ta biyu za ta kama ganyen darbejiya, amma ƙurar za ta zurare ta koma ruwa. Ta farko za ta zuƙe ta, sai dai matatar za ta riƙa toshewa, kuma kowane wanki na cin ruwa mai yawa, a ƙasa mai duwatsu inda rijiyar burtsatse ba ta zo da arha ba.

Tambaya ta biyu wutar lantarki ce. Na'urori biyun farko ba sa motsi sai babban inji na aiki, wanda ke nufin ƙarin awoyi a kan janareta duk ranar da aka ɗauke wuta. Ta uku kuwa abin da take ja bai kai rabin na dutsen guga ba, takan gama zagayenta cikin awa 2 zuwa 3, kuma wutar sola na iya ɗaukarta.

Tambaya ta uku: wa zai gyara? Kafin ka biya kuɗi, nemi dillalin ya nuna maka kayan gyaranta a shagonsa, ya kuma faɗa maka sunan makanikin da ya san cikinta a Kano. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ra'ayina, ta uku mai matata mai ƙananan ƙofofi ita ta fi dacewa da ƙurarmu da wutarmu, muddin akwai mai gyara. Idan babu, gara mai zuƙa, ko ma a ɗauki matashi aiki da buroshi da raga mai doguwar sanda, ya samu abin sakawa a bakin salati.

Daga ƙarshe, a sani cewa babu ɗaya daga cikinsu da ke kashe ƙwayoyin cuta. Wannan aikin sinadarin kulorin ne, wanda bai kamata ya gaza miligiram 1 a kowace lita ba, ma'aunin pH kuma ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, injin ruwan na juya shi kullum. Ruwa na iya yin garau alhali cuta na ciki, kuma 'ya'yanmu ne za su shiga. Allah Ya sa mu dace.