Hasashen damina da wahalar gina manhajarsa

Manomin gero a Ilela da mai albasa a Galmi ba ruwansu da Fortran, harshen rubuta manhajar kwamfuta, amma hasashen ruwan sama da suke ji a rediyo ta cikinsa yake biyowa. Cibiyoyi irin su AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974, suna dogara da manhajojin lissafin yanayi, kuma manya daga cikinsu, kamar WRF ta Amurka, da wannan tsohon harshe na kamfanin IBM aka rubuta su, harshen da ya fito tun 1957.

Rubutun manhaja ba ya aiki sai an bi da shi ta kwamfaila, wadda ke mayar da shi umarnin da furosesa ke ganewa. Furosesoshin Intel da AMD tsarin x86-64 suke bi. Wayoyin hannu, da Raspberry Pi, da kwamfutocin Apple tun 2020, da katafariyar Fugaku ta Japan, duk ARM ne. Abin da aka gina wa x86-64 ba ya tashi a ARM kai tsaye.

Inda gumi yake shi ne wajen haɗi. WRF tana jingina da netCDF don ajiye bayanai, da MPI don raba aiki tsakanin furosesoshi. In an gina netCDF da kwamfailar gfortran, aka zo gina WRF da kwamfailar Intel, sai haɗin ya ƙi, kamar a ɗauko bututun famfon wani kamfani a ce sai ya shiga injin ban-ruwa na fadamar Ƙonni. Hatta gfortran 10, da ta fito a 2020, ta ƙi karɓar tsofaffin rubuce-rubucen da magabatanta suka yi shekaru suna haɗiyewa, sai an sassauta mata da hannu.

Ko ginin ya yi kyau, da sauran magana. Wata kwamfaila takan dunƙule ninkawa da tarawa a umarni guda, wata ta raba su, sai lambobin ƙarshe su ɗan saɓa. Masanin yanayi Edward Lorenz ya ga illar irin wannan a 1961, da ya taƙaita 0.506127 zuwa 0.506, hasashensa ya kama wata hanya dabam. A yanki kamar jihar Tawa, inda hadari kan zuba a Malbaza ya tsallake Ƙonni, saɓanin kan iya matsar da ruwan wani gari a taswira bayan 'yan kwanaki.

Shi ya sa nake ganin kyautar manhajar da aka riga aka gina rabin taimako ce. Ranar da aka sauya kwamfuta zuwa ARM, ɗalibin Jami'ar Tawa da ya iya gina netCDF daga tushe ne za a nema.