Bututun birki da na fetur: Kayan da ya kamata mai mota ya sani kafin ya je gareji

Direban da ya taso daga Faru a ƙaramar hukumar Maradun zuwa kasuwar Talata Mafara, ko ya nufi Bakura da lodin hatsi, zai bi hanyoyin da gargada da ƙura suka yi wa yawa kafin ya hau babban titin Gusau zuwa Sakkwato. A yankin da matsalar tsaro ta sa ba wanda ke son mota ta tsaya masa a daji da yamma, siraran bututai biyu da ke ƙarƙashin mota sun cancanci kulawa: na birki da na fetur. Yawancin ɓarnar da ake samu a gyaransu daga zaɓen kaya take farawa.

Bututun birki shi ne ke kai man birki daga inda direba ya taka zuwa ƙafafun mota. Idan aka taka birki da ƙarfi, matsin da ke cikinsa na iya wuce ma'aunin ba 100, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta kai ba 3 ba. Shi ya sa ɗaure wurin yoyo da roba, ko like shi da gam, ko haɗa shi da guntun tiyo, duk ganganci ne. A yawancin ƙananan motoci kaurin bututun milimita 4.75 ne. Na ƙarfe ya fi araha amma yana tsatsa, kuma lanƙwasa shi na da wuya. Wanda aka haɗa da jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10 ba ya tsatsa, yana kuma lanƙwasuwa cikin sauƙi. Bututun jan ƙarfe zalla irin na masu gyaran firji bai dace ba, domin girgizar hanya na sa shi ya taurare har ya tsage.

Abin da ya fi rikita masu gyara shi ne bakin bututun. Motocin Japan irin su Toyota da Honda galibi suna amfani da baki mai ninki biyu, yayin da na Turai irin su Golf da Peugeot ke amfani da baki mai kumburi. Notin na iya shiga ko da bakin bai dace ba, amma man zai riƙa tsattsafowa. Don haka garejin kirki na buƙatar na'urar buɗa bakin bututu mai yin nau'in biyu, da abin yanka bututu maimakon zarto, wanda ke barin garin ƙarfe a ciki, da abin lanƙwasawa don kada bututun ya toshe a kwana. Sai kuma sifana ta musamman mai rungumar noti, lamba 10 da 11. Filaya da sifana ta gama-gari su ne ke cinye kan noti har ya ƙi kwantuwa.

Man birki ma yana da ƙa'ida, kuma a kan murfin tankinsa ake rubuta wanda ya dace da motar. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma digiri 230. Amma man yana shan danshi daga iska, kuma idan ya sha, mizanin na sauka zuwa 140 da 155. A zafin watan Afrilu, da mota cike da kaya, man da ya tafasa kan sa birki ya nutse ƙasa ba tare da ya kama ba. Don haka a sayi gwangwani a rufe, a guji na tsiyaye, kuma kada a gauraya DOT 5 da sauran.

A ɓangaren fetur, tiyon da aka buga wa J30R7 na tsofaffin motoci ne masu kafireta. Mota mai injekta, wadda famfonta ke tura mai da matsin kusan ba 3, tana buƙatar J30R9 da maɗauri mai santsin ciki, ba waya ba. Tiyon ruwa kuwa fetur na cinye shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane ɗigo asara ce, balle idan ya sauka a kan salansa mai zafi.

Masu shagunan kayan mota da ke saro kaya daga Gusau, Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano za su kawo abin da masu saye suka nace a kai. Mai mota ya nemi ganin tsohon bututun da sabon a jere, ya karanta rubutun jikin tiyo, ya tabbatar an fitar da iska daga birki. Kafin ya bar gareji, ya danne birki na rabin minti: idan ƙafarsa na nutsewa a hankali, aiki bai kammala ba.